Magani ɗaya, jiki daban: ku ba mu labarin abin da ya same ku

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, wani abu ke ta damuna. Ni da yayata duk hawan jini gare mu, aka ɗora mu kan lisinopril, ita ya karɓe ta lafiya lau, ni kuwa busasshen tari ya sa ni gaba wata uku ko barcin kirki babu, sai da likita ya mayar da ni kan amlodipine na huta. Uwa ɗaya uba ɗaya fa! Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Abban Yasir: Wallahi Maman Biyu kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Yarona ƙarancin G6PD gare shi, wato wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba mu sani ba, aka ba shi magani, kwana biyu idonsa ya koma ruwan ɗorawa fitsari ya yi duhu, sai da aka yi masa ƙarin jini, ranar ban san inda hankalina yake ba. Yanzu akwai takarda a aljihuna ta abubuwan da ba zai sha ba, su primaquine da dapsone, ko kafur ba ma ajewa a cikin kayansa. Likitan ya ce ta wajen uwa namiji ke gadonsa, shi ya sa muka kai ƙaninsa gwaji.

Ummu Hanan: Allah ya ƙara masa lafiya. Ni da aka cire min haƙori codeine aka ba ni, kamar ruwa na sha. Sai da na fara karatun famasi na gane hanta ce ke juya shi ya zama morphine, da wani sinadari CYP2D6, wani jikinsa ba ya juyawa sam, wani kuma da sauri yake juyawa har numfashi ya nemi ɗaukewa. Shi ya sa a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 codeine.

Baban Sadik: Ni nawa ba gado ba ne. Asma ta ƙi jin magani, ana ta canza min na shaƙa, har wata likita ta ce Malam wai wane aiki kake yi? Na ce fentin mota. Ashe shi ne.

Maman Biyu: Amin Ummu Hanan. Abban Yasir don Allah gwajin nan da jini ake yi? Ƙanina ma ya taɓa irin wannan ciwon shawarar yana ƙarami, ni kuma maza biyu gare ni.