Neman shawara: fankar mukayyif ɗin tsohuwa tana gurnani, iskarta kuma ta ragu

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Ina zaune da iyalina a gidan haya a Riyad, kuma mukayyif ɗin ɗakin mahaifiyata, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin mai rabi ciki rabi waje ne, wanda yake ba da sanyi da bazara, ya ba da ɗumi da hunturu. Tun ƙarshen zafin bana iskarsa ta yi rauni, fankar ciki tana gurnani, wani lokaci har ta feso baƙin datti a kan shimfiɗa. Da sanyin Disamba ya shigo na mayar da shi kan ɗumi, sai na ga fankar ba ta motsawa sai bayan 'yan mintoci. Wani mai gyara ya zo, ko murfin bai buɗe ba ya ce a ƙara gas. Tsohuwa ba ta jure sanyi, ni kuma ba na son in sayi maganin ciwon da ba shi ne ba.

Wani dattijo mai gyara, daga Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jinkirin nan ba lalacewa ba ne, haka aka ƙera na'urar: tana jira bututun ciki ya ɗauki zafi, don kada ta buso wa tsohuwa iska mai sanyi. Haka nan a daren da sanyi ya tsananta, za ka ga fankar waje ta tsaya na ɗan lokaci, na'urar tana narkar da ƙanƙarar da ta taru.

Gurnanin ne abin dubawa. Fankar ciki doguwa ce kamar gora, mai ƙananan fukafukai da yawa, kuma idan ƙurar Riyad ta haɗu da raɓar da na'urar take tarawa, sai ta zama laka ta manne a tsakaninsu. Daga nan iska ba ta samun hanya, nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, fankar ta riƙa girgiza tana cin boris, wato mazaunin da sandarta take juyawa a ciki. Ka yanke wutar daga makunnin bango, ba da rimot ba, ka haska tocila ta bakin da iska take fitowa, sannan ka juya fankar da yatsa. Idan ta juya sumul, wanki kawai take so. Idan ka ji tana gurzawa, boris ne ko robar da take riƙe ƙarshenta. Idan kuwa da wuta sai ta yi ta kuka ba ta tashi, a duba kondensa, wato ɗan ƙaramin abin da yake tayar da injin fankar, in tsohon samfuri ne. Gas dai ba fetur ba ne da zai ƙare da aiki. Duk wanda ya ce ya ragu, to ya nuna maka inda yake yoyo.

Wata Hajiya, daga Jidda:

Malam ya gama magana, sai dai in ƙara da ragar tace ƙura. Duk mako biyu nake cire tamu in wanke da ruwa, in shanya a inuwa har ta bushe sarai. A nan laimar teku ce damuwarmu, shi ya sa kafin in kashe na'urar nakan bar fanka ita kaɗai ta yi aiki na ɗan lokaci, cikin ya bushe, kada ya yi funfuna. Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya.

Wani ɗalibi, daga Madina:

Yaya, me zai hana ka ɗiga wa injin man keken ɗinki? A gida haka muke yi wa fankar tsaye.

Dattijon ya sake cewa:

Kul, ɗan samari. Boris ɗin waɗannan injina a rufe yake da man da aka zuba masa tun daga kamfani, wanda ka ɗiga kuwa ƙura zai tara. In har ta kai ga canza inji, a duba rubutun jikinsa, domin wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, ta Najeriya da Sudan kuwa 50. Kuma tunda gidan haya ne, a sanar da mai gida kafin a kwance komai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Baba. Na haska kamar yadda ka ce, na tarar da fukafukan sun toshe ƙwarai, amma fankar tana juyawa ba gurzawa. Mai gida ya yarda, gobe bayan la'asar masu wanki za su zo. Yau dai tsohuwa a ɗakin yara za ta kwana.