Jirgin kamun kifin tuna ya yini a teku bai jefa taru ba, haka ake yi?

Isiyaku, Lagdo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana aiki a jirgin kamun tuna da ke tashi daga Abijan. Jiya ya turo saƙon murya, ya ce suna wajen wani tsibiri da ake kira Annobon, na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma tun asuba har magariba ba su jefa taru ba, sai yawo a ruwa, mai yana ƙonewa. Ni masunci ne, a tafkin Lagdo na tashi, ko ranar da ruwa ya ƙi nakan ɗago kalli in sami karfasar miya. Yaya jirgi mai na'urori zai rasa kifi a teku? Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ko akwai abin da yake ɓoye mana?

Malam Bawa, Garwa:
Wa alaikumus salam Isiyaku, kwantar da hankalinka. Na yi wannan aiki a jiragen Tema ta Gana. Tuna ba ta kwanciya wuri ɗaya, sai tana iyo take samun numfashi, garke guda take tafiya tana bin ƙananan kifaye. Tarun kuwa ya fi kilomita 1 tsawo. In aka zagaye ruwa da shi, kafin a tsuke gindinsa a tattara sai an kwashe sa'o'i, don haka kaftin ba zai jefa saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan rana mutum ɗaya yana can ƙololuwar jirgi da madubin hangen nesa, idonsa har hawaye yake, yana neman inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa. Sauran muna ƙasa, wannan yana ɗinkin taru, wancan yana kankare tsatsa, gishiri ya bushe a wuya. Ga dutsen tsibirin kore shar kana gani, ba damar sauka. Abin da ya sanyaya wa yaron murya, a jirgin da na zauna ƙarin kuɗinmu bisa yawan tan da aka kama ake lissafa shi. Ranar da ba kamu, kowa ya san aljihunsa ne ya yini a bushe.

Akwai kuma ragar gora da ake saki a teku da na'urar nuna wuri, kifi ya taru a inuwarta. Hukumar kula da kamun tuna a tekun Atlantika, wato ICCAT da ke Madrid, takan hana kamu a kanta na wani lokaci a shekara, kamar yadda ake rufe muku su a Lagdo da damina. Tambaye shi ko lokacin ne ya same su.

Hajiya Ladi, Kusuri:
Gaskiya Malam ya faɗa. Na zauna a Abijan, 'yan uwanmu mutanen Nijar masu sayar da abincin da ake kira garba da wannan kifin suke soyawa su ɗora a kan acceke, wato dambun rogo, kuma in jirage ba su kawo ba su ma sukan ji a jikinsu. Ɗana Isiyaku, don Allah wannan watan kada kowa a gida ya tambaye shi kuɗi. Ka sa mahaifiyarku ta yi masa saƙo da bakinta, ta sa masa albarka.

Isiyaku, Lagdo:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan leƙa wajen Inna da wayar. Malam Bawa, in sun cika jirgi sun dawo Abijan, kwana nawa ake ba su kafin su sake fita? Muna so ya zo Sallah.