Mala'ika da Ɗan Shaiɗan a Kafaɗar Archie

Tsohon Ɗalibi: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Na je gida makon jiya na tarar ƙanena ya kwashe kwalin mujallun Archie, na zanen labaran wani saurayi mai suna Archie, da nake ajiye da su tun ina sakandare ya ba mai ƙosan unguwa, har ta naɗo mini ƙosai a fuskar Jughead, abokin Archie, mai ya jiƙe masa hula. Da na yi magana sai ya ce shirmen Turawa ne. Ni kuwa ina kan bakana cewa waɗannan mujallu, da labaransu suka fara fitowa a Amurka a 1941, sun koya wa matasa lamiri. Za ka ga Archie ya yi wa budurwarsa Betty alkawari, sai ɗaya budurwar tasa Veronica ta kira shi, nan take wani ɗan ƙaramin mala'ika mai farin kaya ya bayyana a kafaɗa ɗaya, ɗan jan shaiɗan mai ƙaho da wutsiya a ɗaya, kowanne yana raɗa masa nasa. Wane darasi ne ya fi wannan?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, Yaya, amma kafin a kai ga ƙosai, kalmar "lamiri" ba a nan gurbinta yake ba. Mu a wajen karatu lamiri shi ne ni, kai, ke, shi, ita. Bahaushe cewa yake yi zuciyarsa ta hana shi, ko zuciyarsa ta rabu biyu.

Ɗan Jos: Malam, da girmamawa, ka taƙaita kalmar. Daga Larabci aka aro ta, kuma can ma tana ɗauke da ma'anonin biyu. A Littafi Mai Tsarki na Hausa haka ake amfani da ita tun da daɗewa, kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa ya ɗauka nahawu ake nufi.

Malamin Nahawu: Fassara daban, maganar kasuwa daban. Ka kawo mini tsohuwa ɗaya a Kurmi da za ta ce lamirinta ya dame ta.

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya mini shi ne mala'ikan. Abin da aka koya mana a Islamiyya shi ne mala'ikun dama da hagu rubutawa suke yi, ba a ce suna tsayawa cacar baki da Shaiɗan a kafaɗar saurayi kan wace budurwa zai kai shan askirim ba. Kuma ai tun farko Veronica ce matsalar, don da ba ta ga Archie a hannun Betty ba, ko kallonsa ba za ta yi ba.

'Yar Katsina: Haba Anti, laifin Veronica kawai shi ne mahaifinta yana da kuɗi. Namiji ya shekara sama da tamanin yana yawo tsakanin 'yan mata biyu bai zaɓi ko ɗaya ba, amma mace za ki ɗora wa laifi?

Uwar Biyu: Ƙanwata, lokacin da muke karanta su ba a haife ki ba.

Mai Bin Diddigi: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya zargi mujallun zane da lalata yara, majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai, sai masu bugawa suka kafa wa kansu dokar tacewa wadda ta wajabta cewa alheri ne zai riƙa rinjayar sharri. Shugaban ƙungiyar da ke kula da dokar a lokacin shi ne John Goldwater, mai kamfanin Archie. Saboda haka idan mala'ikan ya yi nasara a shafin ƙarshe, tsoron rasa hatimin amincewar ƙungiyar da ake bugawa a bangon mujalla yana da hannu a ciki. Sai a 2011 kamfanin ya bar dokar.

Tsohon Ɗalibi: To ko ma tsoro ne, ai lamirin ya shiga yaran.

Malamin Nahawu: Ka sake cewa lamiri.

Ɗan Jos: Zai faɗa, Malam, domin ba kai ka yanke wa harshen Hausa cibiya ba.

Mai Kula da Zaure: Dare ya yi, zan taƙaita. An ji hujja mai ƙarfi daga Malam, wanda duk mun san zurfin karatunsa, cewa "zuciya" ce kalmar da ta dace, kuma har yanzu ba a kawo tsohuwar da ya nema ba. Batun 1954 tarihin Amurka ne, bai shafi nahawu ba. Game da Veronica kuwa, mafi yawan masu hankali suna tare da Hajiya Uwar Biyu. Yaya Tsohon Ɗalibi, in da sauran mujallun a wajen mai ƙosai, ka hanzarta kafin suyar safe.