Neman kalma: yadda ake zaunar da bim a ɗakin gwaji

Malamin Gwaji: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan nuna wa ɗalibai gwajin lanƙwasa bim (sandar da ake azawa a kwance don ta ɗauki nauyi a gini), ina so in yi bayanin da Hausa. Me za mu kira "simply supported" da "fixed"? Na farko, an aza bim kan ƙarfe biyu, bakinsa na iya juyawa, ɗaya gefen kuma yana kan rola don ya ɗan zame. Na biyu, an matse bakunan gam.

Ɗan Magini: Ɗorarre da kafaffe. Shi ke nan.

Baban Zariya: Tsaya, yaro. Wane ne bim? Azara muke da ita tun kaka da kakanni. Kuma a ce azara mai matashi, tunda kanta kawai ta ɗora.

Ɗan Magini: Baba, azara ta giginya ce. Je wurin gini ka ce a zuba azara, ka ga ko birkila zai kawo rodi da kankare.

Injiniya Mace: Malam, kafaffe ya yi, amma ka gaya musu a lissafi ne kawai yake kafuwa sarai. Idan nauyi na tsakiya, ɗorarre yana lotsawa ninki 4 na kafaffe. A ɗakin gwaji kuwa, duk yadda ka ɗaure noti sai bakin ya ɗan juya, sakamakon ya faɗo tsakanin biyun. Farantin gwaji, wato shimfiɗaɗɗen falle mai gefe 4, shi ma da nasa halin: ka ɗora gefensa 4 ka danna tsakiya, kusurwoyin su ɗaga sama. In ba ka danne su ba, ba abin da ke cikin littafi kake gwadawa ba.

Baban Zariya: To ai matashin ke nan! Kai na motsi a kansa. Ku dai kun raina harshenku ne, shi ya sa BBC ma sai mun gyara musu.

Injiniya Mace: Ranka ya daɗe, matashi laushi gare shi. Ɗalibi zai ɗauka madogarar tana nutsewa, alhali ita ce ba a so ta motsa ƙasa.

Malamin Gwaji: Na gode. Na ɗauki ɗorarre da kafaffe. Rolar fa?

Baban Zariya: Mamirgini.

Ɗan Magini: Ko ni sai da harshena ya harɗe.

Baban Zariya: Ku rubuta rolarku. Amma ni a takardata matashi ne.