An yi wa zomona dandaƙa jiya, har yanzu ya ƙi cin abinci

Mai_Zomo:
Salam jama'a, dan Allah masu kiwon zomo ku taimaka min. Jiya da yamma likitan dabbobi ya yi wa zomona dandaƙa, to tun da muka dawo ya lafe a lungun keji, ruwa kawai na ga ya ɗan lasa, abincinsa ko kallo bai ishe shi ba, kashin ma 'yan ƙanana ne busassu. In ƙyale shi ya huta ne ko akwai matsala? Sannan yaushe zan mayar da shi wajen macen, sai zagaye kejin take yi.

Baban Zomaye:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wlh kar ka ƙyale shi. Zomo ba kamar kare ko mage ba ne, hanjinsa ba ya son hutu, shi ya sa ma ba a hana shi abinci kafin aiki tunda shi ba ya amai. In ya haura awa 12 bai ci ba kuma ba kashin kirki to hanjin na iya tsayawa cak, iska ta taru a ciki, kuma wannan ɗin yana kisa. Yawanci zafin ciwo ne ke hana su ci, an ba ka maganin zafi ka taho da shi kuwa? Meloxicam aka fi ba su. Kira likitan yau ɗin nan ba gobe ba.

Kafin nan tura masa busasshiyar ciyawa har gaban hanci, da ganyen da ya fi so ka ɗan yayyafa masa ruwa. In ya ƙi, jiƙa abincinsa da ruwan ɗumi ya yi laushi ka zuƙa a sirinji mara allura, ka sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa, ƙafafunsa a ƙasa, kar ka kwantar da shi rigingine zai shaƙe. Amma fa in ka taɓa cikin ka ji ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kar ka ɗura masa komai, ɗauke shi sai asibiti.

Ummu_Fari:
Ƙari a kan na Baba, taɓa kunnuwansa, in sun yi sanyi ƙalau naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ka ajiye gefensa, ka bar masa wajen matsawa in zafi ya yi yawa. Kwashe dusar katako ka shimfiɗa tsumma mai tsabta don kar ta manne a ciwon. Safe da yamma ka leƙa wurin, ɗan kumburi ba komai ba ne, amma jini ko ruwa ko wari ko ka ga yana cizgar ɗinkin, wannan na likita ne. Ban da wanka, ban da tsalle-tsalle har wajen kwana 10, kuma ka kula da ƙuda sosai. Kar wani ya ce ka ba shi amoxicillin ta baki, yana lalata musu hanji har ya kashe.

Ɗan_Keji:
Maganar mace kuma ni ina ganin in ciwo ya warke bayan sati ɗaya ai shikenan, tunda an cire.

Baban Zomaye:
A'a malam, ba haka ba ne. Ko an cire akwai sauran maniyyi a jijiya, zai iya yi mata ciki har sati 4 zuwa 6. Ka sa kejinsu kusa suna jin ƙanshin juna amma da ɗan tazara a tsakani, don ko ta tsakanin wayar kejin ma suna iya yin barbara.

Mai_Zomo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kai shi, an yi masa allurar zafi, yanzu haka ya fara tsintar ganye. Likitan ya ce ba sai an sa masa abin wuyan nan na roba ba sai in ya matsa wa ɗinkin, wai yana hana shi cin kashin nan mai laushi da suke ci da daddare.