Layar Jarumi da Makarinta: Musayar Baitoci Kan Sababbin Littattafan Yaƙi

Mai Tawada:
Assalamu alaikum, masu son labarin yaƙi,
Sababbin littattafan waya suna ba ni mamaki.
Jarumi shi kaɗai, ba rauni, ba ya jin jiki,
Sara ɗaya dubu sun zube, har da dawaki.
In ba zai mutu ba, wane tsoro ya rage a ciki?

Baba Na-Zaure:
Ɗana, ciwon yana wurin tsarin sihiri,
Tsafin da ba sharaɗi miya ce ba gishiri.
Kafin a ba jarumi laya, a yanke uku tun fari:
Me take yi, me take ci, mene ne makari.
Layar zana ta ɓatar da shi, amma a ji shi in ya yi tari,
Wuƙa ta lanƙwashe, amma gora ta kwantar da ɗan tauri.
A dasa makarin a babi na 3 cikin sirri,
Kuyanga ta ji shi a bakin boka da daddare a bayan gari,
A babi na 30 ta sayar wa maƙiyi, ya yi tasiri.

'Yar Marina:
Baba, ka faɗi daidai, saura batun makami,
Da yawa suna sa wa mayaƙi kaya ba ilimi.
Sulke zobban ƙarfe ne, lifidi audugar rimi
Aka ɗinke cikin ƙyalle, ga nauyi ga ɗumi.
Dokin lifidi ba ya sukuwar yini da jarumi,
Kibiya mai wuta ke cinye shi, ko tarkon rami.

Ɗan Kurmi:
Yaya, ga iskokin bori da birninsu Jangare,
Zauruka 12, kowa da sarautarsa a tsare,
Ɗan Galadima da Inna, dangi ne a tare,
Tsamiya, kuka da suri mazauninsu da dare.
Amma a aro sunan Hindu da Sin, a bar na gida a ware,
Aljani ba uwa ba uba, sai ƙaho da haƙoran kare.

Mai Tawada:
Ƙanena, wannan ya ci mini tuwo a ƙwarya,
Ga kuma jan labari don kuɗin rukuni a waya,
Yaƙi biyar iri ɗaya, sunan sarki kawai ke sauya.

Baba Na-Zaure:
'Ya'yana, a tuna gasar rubuta labarai ta 1933 a Zariya,
Littattafan sirara ne, har yau ana biya.
Kowane yaƙi ya ci wani abu: doki, amini ko dukiya,
Wanda bai ci komai ba, a cire shi gaba ɗaya.
A karanta wa mutum uku a fili kafin a tura a waya,
Inda suka fara hamma, nan almakashi zai biya.