Setin bawul: me kuka gani a motocinku?

Mai Accord, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Accord ɗina ta 2005 in na tayar da ita da asuba sai ta kama ƙas-ƙas daga saman inji, kamar keken ɗinki. Wani ya ce setin bawul ne, wato daidaita tazarar da ke saman bawul (ƙarfen da ke buɗe wa iska ta shiga inji, hayaƙi ya fita), wani ya ce baƙin mai. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Direban Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni shirun inji ya fi ba ni tsoro. Wani yaro a gareji ya matse min bawul ɗin, ƙara ta ɗauke ɗif, har na ƙara masa kuɗin shayi. Ba a jima ba mota ta fara kakkarwa a silo, ta rasa ƙarfi da fasinja a hanyar Mashi. Da aka sauke kan inji, bawul ɗaya na fitar hayaƙi ya ƙone, gefensa ya cinye. Kuɗin ya ci ni.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya mayar da alheri, direba. Ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin bawul da abin da ke danna shi. In babu ita, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, wuta ta riƙa bi ta gefe. Alhaji, a injinka mai silinda 4, bawul na shan iska tazarar 0.21 zuwa 0.25 na milimita yake so, na hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Kuma sai inji ya huce, ƙasa da digiri 38. A Katsina cikin Afrilu, motar da ta yini a rana kanta ta wuce haka, don haka ni sai ta kwana a wurina, in buɗe da sassafe. Ina bin silinda 1, 3, 4, 2, in zura fila geji (siririn ƙarfen awon tazara) har in ji yana ɗan ja, in riƙe sukurun seti da sukundireba in ɗaure noti, sannan in sake aunawa, don wajen ɗaurin yakan goce. Wanda ya ce da kunne zai saita maka, wallahi ɗauki makullinka.

Hajiya mai Golf:
Tawa Golf 3 ma ta yi wannan ƙarar. Aka juye mai, aka sa sabon filta, shi ke nan.

Bakanike:
Taki daban ce, Hajiya, matsin mai ne ke cike tazarar, babu abin ɗaurewa. Corolla ta 2003 kuwa aunawa ake a sauya ƙoƙon da ke kan bawul, ba noti.

Mai Accord:
Na gode, Oga. Gasket ɗin murfin fa, a mayar da tsohon?

Bakanike:
In ya bushe ya yi tauri, saya sabo, in ba haka ba mai zai riƙa yoyo. Kawo ta bayan magariba ta kwana.